Gonar da Maƙwabta Suka Ƙi Mantawa

Noti huɗu ƙanana, a jere cikin murfin kwalbar lemo. Su ne abin da Sufeto Nu'uman ya fara gani da ya shiga ofishin Ƙungiyar Manoman Bakin Daji a Birnin Gwari. Kusa da su tsohuwar kwamfuta ce a buɗe, an zare faifan da ke riƙe da rajistar gonaki ta shekara goma sha bakwai.

A bakin ƙofa wata dattijuwa na zaune da fartanya a cinya.

"Iya, lafiya?"

"Ladi nake, matar marigayi Martins, daga Tabanni. Mun yi gudun hijira shekara huɗu. Na dawo zan yi shuka, aka ce gonar ba tamu ba ce. Ga damina ta kama, ranka ya daɗe."

Sufeto ya fara da magatakardan ƙungiyar, Malam Tasi'u.

"Kai ke da makulli?"

"Ni da yarinyar nan da aka ɗauko. Ni ko bayan na'urar nan ban taɓa leƙawa ba, Yallaɓai. Ku tambayi masu digiri."

Bushira ce yarinyar, 'yar Gayam, ta karanta ilimin kwamfuta a jami'a. Tana magana idonta na ƙasa.

"Mene ne aikinki a nan?"

"Kwashe tsofaffin fayiloli nake zuwa sabon rumbun bayanai. A tsohon tsari kowace gona takardarta daban, babu ruwan wata da wata. A sabon kuwa, sai an ɗaure gona da mai ita, an ɗaure ta da maƙwabtanta."

"Yanzu duk an sace ke nan?"

"A'a. Na kwafe komai tun ranar Litinin. Ban dai faɗa wa kowa ba."

Ta juyo masa da allon. Gonaki dubu da ɗari shida sun shiga lafiya. Uku sun ƙi.

"Yallaɓai ka san mutanenmu ba sa auna gona da awo. Cewa suke, gabas kuka, yamma gonar wane. Su ukun nan, Auta da Gabriel da Mu'azu, kowa a takardarsa ya ce yana iyaka da gonar Martins. Rumbun ya nemi gonar Martins ya rasa. A tsakiyarsu sunan wani Ɗalha ne."

"Wa kika gaya wa?"

"Jiya na ce wa Malam zan duba tsohon faifan, in ga ranar da aka taɓa fayil ɗin."

Sufeto ya ciro tocilarsa daga aljihu ya koma wurin magatakarda.

"Malam, taimaka mini. Ta daina kamawa, ni kuma idona ya tsufa."

Tasi'u ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko sukurudireba. Cikin minti ɗaya ya kwance tocilar. Ya laluba ya samo murfin kwalba, ya jera notin ciki ɗaya bayan ɗaya.

Sufeto ya ɗauko wancan murfin na kusa da kwamfutar ya ajiye kusa da wannan.

"Ɓarawon waje watsar da noti yake yi, Malam. Wane ne Ɗalha?"

Tasi'u ya ajiye sukurudirebar.

"Ƙanena ne." Ya dubi murafan biyu. "Na zaci iyalan Martins ba za su dawo ba. Suna ɗaya kawai na canja. Faifan yana cikin buhun dawa a gidana."

"Ka canja suna ɗaya, ka manta maƙwabta uku."

Wani kofur da ya rako Sufeto ya sa wa Tasi'u ankwa, suka fita da shi.

Bushira ta mayar da sunan Martins. Gonaki ukun suka shige nan take. Ta buga takarda, ta durƙusa ta miƙa wa Ladi da hannu biyu.

Shekara ashirin da biyu Sufeto yana aikin nan, bai taɓa ganin shaidu uku sun ba da shaida suna can gona ba. Ya dubi Bushira, ƙirjinsa ya cika kamar shi ya haife ta.

"'Yar Gayam, kin fitar da mu kunya."

Ya juya zai yi wa Ladi barka. Ta riga ta naɗe takardar a bakin zanenta, ta saɓa fartanya, ta nufi tashar babura.