Wutsiyar Zaki

Da aka yi hutun makaranta, Baba ya kama musu ɗaki biyu a wani ƙaramin masauki. Kwana huɗu za su yi. Masaukin tsaf yake, ga kicin ga baranda. Daga barandar ana hango babban lilon wurin wasan yara yana juyawa a hankali.

Su huɗu ne: Baba da Mama da yara biyu. Babban yaron shekararsa tara. Ƙanwarsa Auta kuwa huɗu.

Ranar farko suka taka da ƙafa zuwa wurin wasan, don ba nisa. Suka hau jirgin ƙasa na yara, suka hau dawakan katako. Amma abin da ya fi burge kowa shi ne Zaki. Mutum ne cikin rigar zaki mai laushi, da ƙaton kai da doguwar wutsiya. Ba ya magana. Sai rawa da ɗaga hannu. In ya ga ƙaramin yaro, sai ya durƙusa su yi tsawo ɗaya. In yaro ya tsorata, shi ma sai ya rufe ido yana makyarkyata, har yaron ya fashe da dariya.

Auta ta ɓuya a bayan Mama tana leƙe.

"Je ki gaishe shi mana," in ji Mama.

"Sai gobe. Baba, gobe za ka ɗauke ni hoto da shi?"

"Zan ɗauke ki, in Allah ya kai mu."

Da za su tafi, Baba ya je sayen ruwa, Mama tana ɗaure wa Auta takalmi. Wasu yara suka ce wa yaron, "Kai, in ka isa ja wutsiyar nan."

Ya ce a ransa, ai riga ce mai kauri, ba zai ji komai ba. Ya lallaɓa ta baya. Daidai lokacin Zaki yana sauka daga matakala. Yaron ya kama wutsiyar ya fizga. Zaki ya faɗi a kan gwiwarsa. Ko uffan bai ce ba. Ya miƙe, ya ɗaga wa ƙananan yara hannu don kada su firgita, ya tafi yana ɗingishi.

Washegari da safe Mama ta aiki yaron ya shanya tawul a bayan gida. Can ya yi turus. Ga kan Zaki a kan tebur. Kusa da shi 'yar mai masaukin ce zaune, wadda suke kira Anti. Gwiwarta a ɗaure da bandeji, tana ɗinke wutsiya da allura.

"Anti, ke ce Zaki?"

"Yi a hankali, kada ƙanwarka ta ji," ta ce tana murmushi. "Ni ce. Ka taɓa ganin zaki yana ɗinki?"

"Yau za ki je?"

"Da wace ƙafar? Sai ta warke."

"Kin ga wanda ya ja ki?"

"Ina fa. Zo ka saka kan nan ka gani."

Ya saka. Nauyi kamar tukunya, ga zafi, ga duhu. Ta wata 'yar raga a bakin zakin kawai ake gani. Ba a ganin gefe, balle baya.

"Haka kike wuni a ciki?"

"Minti ashirin nake yi in fito in sha ruwa, in sake komawa. Shekarata uku ke nan."

"Me ya sa ba ki yi ihu ba da kika faɗi?"

"In Zaki ya yi kuka, su Auta me za su yi?"

Yaron ya cire kan a hankali. Ba wanda ya san shi ne. Zai iya shanya tawul ya koma ɗaki abinsa. Sai ya jiyo Auta daga ciki tana cewa, "Mama, saka min jar rigata, yau zan yi hoto da Zaki."

Idanunsa suka ciko da hawaye.

"Anti, ni ne. Ni na ja ki. Ki yi haƙuri."

Anti ta ajiye allurar, ta daɗe tana kallonsa.

"Na ji ciwo sosai," ta ce. "Amma na yafe maka, tunda ka faɗa da bakinka. Saura Babanka."

Ya je ya gaya wa Baba duk abin da ya faru. Baba bai yi faɗa ba. Ya je ya ba Anti haƙuri, sannan ya ce wa ɗansa, "Yau da gobe ba za ka je wurin wasa ba. Anti ba ta je ba, kai ma ba za ka je ba."

Kwana biyu yana hango lilo daga baranda. Auta ta dawo tana kuka, wai Zaki ba shi da lafiya. Wannan ya fi komai yi masa ciwo. Ya riƙa kai wa Anti ƙanƙara tana ɗorawa a gwiwa, yana taje gashin rigar da buroshi.

Ranar ƙarshe Zaki ya fito, yana takawa a hankali. Auta ta ruga ta rungume shi, Baba ya ɗauki hoto. Wani yaro ya miƙa hannu zai kama wutsiyar. Yayan Auta ya tare shi.

"Kada ka ja. Akwai mai jin ciwo a ciki."

A hanyar komawa Mama ta tambaye shi, "Me ka koya a hutun nan?"

Ya ce, "Duk mai aiki don mu ji daɗi mutum ne kamarmu, ko ba mu ga fuskarsa ba. Ba a wasan da zai cutar da shi. In kuma na yi laifi, in faɗi gaskiya ko da ba wanda ya gan ni."

Auta ta riƙe wayar Baba tana kallon hoton. "Yaya, ka gani? Zaki ya warke."

"Na gani," ya ce, ya ɗauke ta ya saɓa a wuya.