Kujerar da Hajiya Ta Ci Bashi

Kujera ɗaya ce bashin, kuma Hajiya ake bi.

Ba kuɗi ba ne, ba zinari ba. Kujera dai, irin ta ɗakin taro da ake sa wa farar riga a ɗaura mata ƙyalle a baya.

Mai bin bashin ita ce mai shirya bikin nan da ma'aikatanta ke kira Ƙanƙara, don ko wuta ta ɗauke amarya na tsakiyar shigowa, ba ka ganin gumi a goshinta. Da can ba sunanta ke nan ba. Da can Zuma ce, a bakin mutum ɗaya: Injiniya, ɗan Hajiya na fari.

Shekarun baya ya gayyace ta bikin ƙanwarsa, ya kai ta teburin dangi da kansa. Ko jakarta ba ta ajiye ba Hajiya ta iso, ta fara kallonta daga takalmi, ba ta ma ƙarasa fuska ba.

"Tashi, yarinya. Ba ke aka ajiye wa ba."

Ta tashi. Aka zaunar da 'yar ƙawar Hajiya, mai murmushi har kunne. Injiniya kuwa ya dulmiya cikin wayarsa kamar an aiko masa da rasuwa.

A bakin ƙofar kicin ta tsaya, har wata ma'aikaciya ta ɗauka tasu ce, ta danƙa mata faranti cike da kofuna. Ta karɓa. Daga farantin nan ta koyi sana'a, ta toshe lambarsa, ta daina kuka. Yau duk mai aurar da 'ya sai ya bi layi a ofishinta.

Sai ga Hajiya a layin, za ta aurar da Auta.

Ba ta gane ta ba. Ina za ta gane fuskar da ba ta taɓa kalla ba? Ta zauna ta baje, ta ce dangin ango manyan mutane ne, ba ta son ko ƙuda ya gifta ba da izini ba. Ta ce ita za ta shigo a ƙarshe, da kiɗa, a haska ta a babban allo kowa ya san uwar amarya.

"Kowa zai gan ki, Hajiya," in ji Ƙanƙara. "Na yi miki alkawari."

Ranar biki da hantsi tana tsaye tsakiyar ɗakin taro, masu fure na hawa tsani, mai fitilu na gwaji, sai ta ji murya a bayanta.

"Zuma..."

Ba ta juya ba. Ta ce wa mataimakiyarta a gyara wancan labulen, ya karkace.

Ya zagayo gabanta. Ya rame, furfura ta fara leƙo masa a gemu. Ya ce bai auri waccan ba, bai auri kowa ba, ya neme ta har ya zama abin dariya a gida. Ta saurare shi kamar mai jin kukan farashin haya.

Sai ya ce ya zagaya teburin gaba sau biyu. Ya ga sunan kakar ango, ya ga na gwaggonninsa, bai ga na tasa mahaifiyar ba.

"Idonka na aiki yau," ta ce. "Wancan karon waya ta rufe shi."

"Zuma, ki rufa asiri. Sunanki zai ɓaci. Wa zai ƙara ba ki biki in an ji kin bar uwar amarya a tsaye?"

"Na san kuɗin abin da zan saya. Ka je ka faɗa mata, ga hanya."

Bai motsa ba.

"Ni ina kika ajiye ni?"

Ta nuna masa da biro: teburi na ƙarshe, bakin ƙofar kicin, inda tururi ke dukan ƙeya.

"Ya dace da ni," ya ce a hankali.

Bai faɗa wa kowa ba.

Da la'asar ɗaki ya cika. Amarya da ango sun zauna, mai gabatarwa ya ja murya ya kira uwar amarya. Hajiya ta shigo tana taku ɗai-ɗai, gwal na ƙyalli, fuskarta ta cika allo. Ta bi jan kafet har teburin gaba.

Ta tsaya.

Kowace kujera da tsohuwa a kai, duk dangin ango, duk sun girme ta. Wa za ta ce wa tashi? Ta duba dama, ta duba hagu. Kiɗa na tafiya, mai kyamara bai kauce ba, murmushin Hajiya ya fara bushewa a gaban jama'a. Mataimakiya ta raɗa wa Ƙanƙara, don Allah a fito da abin nan haka. Ƙanƙara ta ce tukuna.

Sai aka ga Injiniya ya taso daga can ƙarshe, ɗauke da kujerarsa. Hajiya ta sauke numfashi, ta fara tattara mayafi za ta zauna.

Ya durƙusa gabanta, kujerar na hannunsa.

"Hajiya, ki gafarce ni. Akwai wadda ta riga ki tsayuwa."

Ya miƙe, ya ratsa tebura, idon duniya na bin sa, har bakin ƙofar kicin, inda Ƙanƙara ke tsaye. Ya ajiye kujerar, ya goge ta da hannun rigarsa.

"Zauna, Zumata. Na makara, amma ga ta."

Can nesa Hajiya ta juyo. Wannan karon ta fara daga fuska. Ta gane.

Ƙanƙara ta zauna. Ba ta yi sauri ba. Ta gyara zama, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ta karɓi ruwa ta kurɓa, idonta cikin na Hajiya. Wata ƙwalla ta so ta ba ta kunya, ta mayar da ita.

Sannan ta ɗaga yatsa ɗaya.

Labule ya buɗe. Ma'aikata biyu suka fito da wata ƙatuwar kujera mai ruwan gwal, suka dasa ta gaban kowa, fure na zuba daga sama. Ɗaki ya ɗauki tafi. Kakar ango har tana cewa ba ta taɓa ganin an karrama uwa haka ba. Tun safe kujerar ke ɓoye a bayan labulen. Ƙanƙara ba ta zo rusa bikin Auta ba, Auta ba ta ci mata komai ba. Nata kawai ta zo karɓa.

Da aka watse, ana naɗe kafet, Hajiya ta aika a kira ta. Ta daɗe tana juya zoben hannunta.

"Na biya?"

"Kin biya, Hajiya."

"To ki ji tausayin yaron nan. Ya ƙi aure, ya ƙi ƙiba, ya ishe ni."

"Shi nasa daban ne. Ke magana kika yi. Shi shiru ya yi."

Injiniya na gefe rungume da tulin rigunan kujeru, ya ce ya ji, a faɗa masa yadda zai biya. Ƙanƙara ta ce ya fara da kai waɗannan mota, kada ya bari su taɓa ƙasa.

Kafin shekara ta zagayo aka yi nasu bikin, ita ta tsara abinta da kanta. Tun masu fure ba su sauko daga tsani ba Hajiya ta iso, ta nemi kujerarta ta zauna, ta ɗora jaka a cinya. Ta ce ita ba ta son shigowa da kiɗa, ƙafa ke damun ta.

Shi kuwa Injiniya, duk sanda suka shiga wuri sai ya ja wa matarsa kujera, ya tsaya har ta zauna. Kowane lokaci yakan sunkuyo ya tambaya ko ya gama biya.

"Da saura, masoyi," take cewa.

Kuma ba ta da niyyar faɗa masa nawa.