Rabon Ɗakin Baya

Ana dab da magariba a Mombasa, Mwanaisha ta sauke murfin tukunya mai garwashi a kai, ƙanshin cuku da tafarnuwa ya cika gidan. Biskit take gasawa, irin wanda ba ta murza shi, ba ta yanka shi. Cokali take sawa ta ɗibi kwaɓin ta yarfa a tire, ya gasu yadda ya ga dama. Na mai gida ne da baƙinsa. Mahaifiyarta, Bi Mwanakombo, da ciwon ƙafa ya kwantar a ɗakin baya, kunu ake kai mata.

Ta juya ɗauko faranti, ta dawo ta tarar an yi giɓi a tiren, kamar jiya, kamar shekaranjiya. Ba ta tambayi kowa ba. Ta sharara wa 'yarta Zuhura mari.

"Ɓarauniya! Cikinki rijiya ne?"

Yarinyar ba ta yi kuka ba. A lokacin dutse na farko ya sauka a kan kwanon rufi, wani ya bi shi, alhali ba kowa a lungun. Zuhura ta zauna gaban murhu, idanunta suka kafe, ta soma dariya da muryar tsoho.

Kwanaki suka shuɗe ba ci ba sha, yarinyar tana ramewa a gaban uwarta. Aka kira Maalim Bwanaheri, malami mai ruƙiyya. Ya zo da la'asar sakaliya, ya zauna, ya yi ta karatu har jikin yarinyar ya ɗauki rawa.

"Kai wane ne? Me yarinya ta yi maka?" in ji Maalim.

"Ba ta yi komai ba," in ji muryar. "Ni nake ɗiba. A gidan nan nake tun tsohuwa tana amarya, ba ta taɓa dafa abu ta hana maƙwabci ba. Yanzu kullum tana kwance tana shaƙar ƙanshi, tana haɗiyar yawu. Na kai mata, aka mari marar laifi."

Mwanaisha ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ba ta da haƙora ne..." ta fara, sai maganar ta maƙale, domin ita ma ta san biskit ɗin da laushi.

"Fita ka bar yarinya," in ji Maalim.

"Zan fita. Amma na farko a tire na tsohuwa ne, kuma uwar yarinyar ta kai da hannunta. Ranar da ta aiki wani, na dawo."

Zuhura ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

Washegari Mwanaisha ta gasa, ta ɗauki faranti ta tura ƙofar ɗakin baya, tana shirya kalmomin neman gafara. Tsohuwar ta lalubo hannunta ta riƙe.

"Yau da kanki? Allah ya yi miki albarka, 'yata. Kullum sai na farka na tarar kin ajiye mini da zafinsa. Na ce wa kowa, Mwanaisha ba ta taɓa mantawa da ni ba."