Sunan da Rahila Ba Ta Faɗa

Tun kafin gari ya waye ruwa yake zuba a New Bell, irin ruwan Duwala da bai san ya isa ba. Rahila ta jera bokitai inda kwano ke yoyo, ta kwaɓa fulawar makala, wato fanken da take soyawa a bakin titi, ta ɗora ruwan wanka, sannan ta shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki. Bayanta ciwo yake kamar an dake ta, idonta cike da barci. Amma a gidan nan, ko sama da ƙasa za su haɗu, sai an yi addu'ar safe.

Su kaɗai ne Kiristoci a layinsu na unguwar Hausawa. A majami'a da Faransanci ake sujada, a makaranta ma haka, saboda haka duk abin da 'ya'yansu za su ji game da Yesu da Hausa, a kan tabarmar nan suke jin sa.

Mijinta Filibus ya durƙusa sanye da kayan aikinsa na ɗakin ajiyar kaya a Bassa. Mahaifiyarsa, Inna Briskila, wadda ta zo daga Garuwa ganin likitan ido, tana kan kujera saboda ciwon gwiwa. Sai yara biyu: ƙaramar, Alheri, tana gyangyaɗi, da babbar mai shekara tara, wadda aka sa wa sunan kakarta, ubanta ke ce mata Mami.

"Ya Ubangiji," in ji Rahila, "ka tsare maigidan nan a wurin aiki. Ka ba Inna lafiyar ido. Ka albarkaci Alheri, ka raba ta da tarin nan. Ka tuna da Damaris ta zumuntar mata da ke kwance a asibiti, da maƙwabciyarmu Khadijat, da kuma... da wadda ka sani. A cikin sunan Yesu."

"Amin!" kowa ya amsa, ban da Mami.

Kada wani ya ɗauka Rahila ƙin 'yarta take yi. Kunyar 'yar fari ce, wadda ta tashi ta tarar a gidansu: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta rungumarsa a gaban mutane. Balle wannan, ga ta 'yar fari, ga ta takwarar suruka. Ko Mami ɗin nauyi yake mata a baki. Daga "ke" sai "yarinyar nan". Ko mijinta, Baban Alheri take ce masa, ta tsallake babbar. Kuma wannan kunyar ce ta sa Inna ta amince da aurensu tun farko, har tana yi wa dangi alfahari da cewa ɗanta ya samo mai tarbiyya a garin da 'yan mata ke kiran miji da sunansa kamar ɗan aike.

"Ke takwara, bakinki ciwo yake?" in ji Inna. "Ina amin ɗinki?"

"Ba komai, Kaka."

"Jiya ma haka! Ranar Lahadi kin ƙi zuwa makarantar Lahadi, wai ciwon kai, sai ga ki a gidan maƙwabta kina dariya har da tafi!"

Mami ta ɗauki jakarta ta makaranta. "Papa, zan makara lekol," ta ce, ta fice cikin ruwan ko lema babu.

Inna ta juyo ga ɗanta, ba ta ko kalli Rahila ba.

"Kai, saurara. Ban haifi jika don ta tashi ba ta san Allah ba. Matarka tana can wajen kaskon suya, kai kana Bassa, yarinya tana yawon gidaje. Ranar Asabar zan koma, kuma da ita zan tafi. Na gama magana."

Filibus ya sunkuyar da kai. Rahila ta miƙe. Ta ɗauki ƙullunta ta fita.

Da yamma Filibus ya dawo a jiƙe, ya same ta a bayan gida tana kankare kasko. Ya tsuguna kusa da ita ya karɓi soson, kamar yadda yake yi tun suna sabon aure idan ba mai ganinsu.

"Baban Alheri, shiru za ka yi a ɗauke mini yarinya?"

"Rahila, na gaji. Wallahi na gaji. A wurin aiki shef, ogan namu, yana kaina, a gida Inna. Ta yaya zan dubi idonta in ce a'a? Kuma ke ma kin gani, yarinyar ta canza."

"Wato ka yarda ni ce na kasa."

"Ban ce ba."

"Ba sai ka ce ba! Ni nake tashi da asuba in koya mata addu'a. Ni nake zama da ita kan karatun Maganar Allah ina gyangyaɗi, hannuna duk ƙunar mai. Me ya rage ban yi ba?"

Hawaye suka zubo mata. Ya miƙa hannu zai share, ta kau da kai. Tun da suka yi aure, ranar ce ta farko da ta ji kamar ita kaɗai ce a gidan.

Washegari tana bakin titi tana juya makala, sai ga Khadijat da kwanonta. Shekarunsu da yawa katanga ɗaya, suna aron gishiri da garwashi, da Salla a aiko da nama, da Kirsimeti a mayar da shinkafa.

"Ashiya, sannu, Maman Alheri. Na ji wai za a tafi da Briskila?"

Rahila ta gyaɗa kai kawai.

"To bari in gaya miki wata magana, pardon, kada ki ji haushi. Kada ki yi zaton muna jan 'yarki zuwa wani wuri. Allah ya sani, idan lokacin salla ya yi, ni da kaina nake ce mata ta je gida ta yi tata addu'ar. Kin san abin da ta ce mini? Ta ce, 'Tanti, ni ba na cikin addu'ar gidanmu. Mama tana faɗa wa Allah kowa, har ke, har masu ciwo a asibiti. Ni kuwa wai wadda ya sani. Kamar na yi wani laifin da ba a iya faɗa.' Ta ce tun da uwarta ba ta gabatar da ita ba, ita ba za ta yi wa Allah shisshigi ba."

Matsamin ya tsaya a hannun Rahila, makalar tana ƙonewa ba ta sani ba.

"Kunya ce fa, Khadijat! Ke ma kin san kunyar ɗan fari!"

"Na sani mana, uwata ta yi mini. Amma ni a cikin dangi na tashi, gwaggo da inna kowa na kiran sunana, kowa na goya ni. Ita wa take da shi a garin nan? A lekol tana ganin iyayen ƙawayenta suna rungume su a bakin ƙofa. A gidana ba komai nake ba ta ba, sunanta kawai nake kira."

Rahila ta koma gida da sauran ƙullun. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, a duk addu'ar nan babu wanda take ambata da zuciya ɗaya kamar yarinyar. Ta faɗa wa mijinta duka.

"Idan kika kira sunan nan a gaban Inna," ya ce, "kin san abin da zai biyo baya."

"Na sani. Za ka tsaya mini?"

Sai kawai ya miƙe ya shiga wanka.

Ranar Asabar Inna ta tashi da wuri, ta ɗaure kayanta da na jikarta, aka ajiye a bakin ƙofa. Mami ta sa rigar Kirsimetin bara, fuskar nan ba yabo ba fallasa. Aka taru a kan tabarma don addu'ar sallama.

Rahila ta fara kamar kullum. Ta ambaci maigida, ta ambaci Inna da hanyar da za ta bi, ta ambaci Alheri. Sai ta iso kan babbar. Harshenta ya yi nauyi, gumi ya keto mata duk da sanyin ruwa.

"Ya Yesu," ta ce, "ga 'yata ta fari. Ga Bris... Briskila. Briskila tawa, wadda ka fara ba ni. Na kawo ta gabanka da sunanta. Ina son ta, ya Ubangiji, ina son ta ƙwarai. Ka gafarta mini da na bar ta tana zaton..."

"Kai! Kai! Kai!" Inna ta buga sandarta a ƙasa. "Sunana? A bakin suruka? Ina zaune? Yau na ga abin da ya ishe ni! Kai, kana ji kana shiru?"

Filibus ya ɗago kai. Rahila ta runtse ido tana jiran ta ji ya ba ta laifi.

"Ina ji, Inna. Ki yi haƙuri, amma ba raini ba ne. Ni ma ɗan fari ne. Ga furfura ta fara fito mini, ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Na san kina so na, amma sai da na girma na gane. Ba na so 'yata ta jira haka, kuma ba na so ta ɗauka Allah ma kunyarta yake ji. Mami ba za ta tafi ba. Matata ba ta kasa ba."

Can yarinyar ta rarrafo ta faɗa jikin uwarta, ta fashe da kuka.

"Mama, sake faɗa! Pardon, sake faɗa!"

"Briskila," in ji Rahila, ta ƙanƙame ta a gaban kowa.

"Amin," yarinyar ta ce cikin shessheƙa. "Amin, amin!"

Inna ta miƙe. Ta sa aka kwance kayan jikarta, ta hau bayan moto, wato babur ɗin haya, zuwa tasha, ko sallama ba ta yi wa surukarta ba.

Haka aka shafe watanni. Idan ta bugo waya, da ɗanta da jikokinta take magana. Rahila ta gaishe ta, ta yi kamar layi ba kyau. Dangi a Garuwa suka yi ta tsegumi, wai Duwala ta cinye kunyar matar Filibus. Abin yana yi wa Rahila zafi, amma ba ta rama ba. Duk mai tafiya arewa sai ta ba shi saƙon busasshen kifi da maganin gwiwa ya kai wa Inna. Briskila kuwa ta koma makarantar Lahadi da ƙafarta, har ita ke tashin ƙanwarta addu'a.

Ana gab da Kirsimeti, wata ranar Lahadi bayan an taso daga sujada, wayar Filibus ta yi ƙara. Ya saurara, ya yi murmushi, ya miƙo wa matarsa.

"Inna ce. Wai a ba ta mara kunyar nan."

Rahila ta karɓa, ta durƙusa kamar tsohuwar na gabanta. "Ina wuni, Inna?"

"Lafiya. Takwarata ta yi mini addu'a a waya jiya, da Hausa tsaf, har ta sa ni hawaye. Har yanzu kina kiran sunan nan kowace safiya?"

"Ina kira, Inna. Ki gafarce ni."

Tsohuwar ta yi gyaran murya.

"To, tun da bakin naki ya riga ya saba, idan kin kira na ƙaramar Briskila, ki haɗa da na babbar. Ni ma tun da uwata ta rasu ban ji an kai sunana gaban Allah ba."

Rahila ta yi dariya tana kuka, Filibus ya riƙo hannunta a gaban yaran bai saki ba.

Kunya ado ce, kuma haƙuri da iyaye ba ya faɗuwa ƙasa banza. Amma iyaye, ku sani, yaro ba ya ganin abin da ke ɓoye a zuciya. A fuskarku da bakinku yake fara koyon yadda Allah yake son sa. Idan kuna son ɗanku, ku faɗa masa tun yana ƙarami, ku kuma kira sunansa a gaban Ubangiji yana ji.