Sarauniyar da Ta Yanka Kabewa

Tun da hantsi Masaƙa take gurnani ƙasa-ƙasa a hawa na sittin da biyu na benen Tauraro, a tsakiyar Birnin Rafin Gora. Na'ura ce mai girman rumbu, kuma mutanen wasa take saƙawa. A zuba mata labari da zane, ta fitar da sarki ko maharbi ko aljani mai tafiya da magana da fushi, wanda duk mai sanye da hular shiga cikin wasan zai iya yin musabaha da shi. A wannan safiya sarauniya ta goma sha tara take fitarwa. Tasi'u Maigora, wanda ya shekara bakwai cur yana gina wasan Yaƙin Dutsen Wuta, ya zuba wa allo ido yana addu'a a zuci.

Sarauniyar ta fito. Doguwa ce, ga kitso har gadon baya, ga kuma ɗan saje da na'urar ta manta ba ta goge ba.

Injiniya Rumasa'u, wadda ke kula da Masaƙa, ta kalle ta sama da ƙasa, ta ce ai wannan Sarki Gagarau ne na babi na biyu aka ɗaura wa ɗankwali. Tasi'u ya buɗe baki zai musa, ya sake duba sajen, ya fasa.

Abin da ya hana shi sukuni ke nan. Hukumar tantance wasanni ta birnin ta kafa doka cewa ba wasan da zai fita sai shugaba mace a cikinsa ta kai darajar shugaba namiji. Ƙofa biyu ake bi. Ta farko kwamitin mata ne, su sa hula su shiga su gani da idonsu. Ta biyu wata na'ura ce, Ma'auni, mai ba kowane shugaba maki. Sau biyu Tasi'u yana kai wasansa, sau biyu mata suna koro shi tun daga ƙofar farko. Sarauniyar da ya fara kai musu sulken da ke jikinta bai kai faɗin faifai ba, har wata dattijuwa ta tambaye shi ko babu sauro a ƙasar tasu. Ta biyu kuwa ba ta da aiki sai tsayawa a taga tana kukan yarima. Ranar Alhamis ce dama ta uku. Wanda ya faɗi sau uku, a kulle wasansa a ma'adana, shi ke nan shekara bakwai sun bi ruwa.

Rumasa'u ta ce masa matsalarsa ɗaya ce, bai taɓa zama ya kalli mace tana shugabanci ba. Ta nuna masa kujerar kwafi da ke jikin Masaƙa, wadda mutum zai zauna ya yi hira na awa guda, na'urar ta ɗauki halinsa ta saƙa a jikin ɗan wasa. Ta ce ya nemo mace ta gaske.

Tasi'u ya yi tunani, nan take ya san wadda za a ɗauko. Gwaggo Yalwa, yayar babansa. Shekara talatin ba a yi biki ko suna ko rabon faɗa a unguwar Ƙasan Gada ba sai da ita. Ita ta sasanta mahauta da masu gyaran mutum-mutumi lokacin da suka yi wata shida ba sa ga-maciji. Mai unguwa ma, in magana ta fi ƙarfinsa, sai ya ce bari a ji ta bakin Yalwa.

Da la'asar adaidaita mai tashi ta sauke ta a barandar bene. Ta ƙi zama a kujerar sai da ta gaisa da kowa har da mai shara, ta tambayi Rumasa'u 'yar gidan wa ce, ta gano ashe ta san kakarta. Awa ɗayan da aka nema ta zama uku. Masaƙa ta yi zafi har sai da aka ƙara mata fanka. Da za ta tafi ta ce wa Tasi'u ya rame, kuma ta ji labarin har yanzu bai je gaida kawunsa da ya yi karaya ba.

Washegari aka ɗora Sarauniya Yalwa a gadon sarautar birnin da Dodon Dutsen Wuta ke kai wa hari. Tasi'u ya sa hula ya shiga a matsayin jarumi, ya kutsa fada da takobi a zare yana ihun cewa Dodo ya taso. Sarauniya ko gezau. Ta ce ya koma waje ya cire takalmi, ya yi sallama, ya shigo kamar ɗan mutane. Sai da ya yi hakan sau biyu, don a na farkon bai tambayi gajiya ba.

Daga nan ta sa aka kawo mata kundin tarihin ƙasar, wanda Tasi'u ya rubuta da hannunsa shekara shida da suka wuce ya manta. A shafi na ɗari biyu da wani abu, don dai labari ya yi armashi, ya rubuta cewa uwar Dodo ƙanwar tsohon sarki ce, aljanu suka sace ta. Babu wanda ya taɓa karanta wannan shafi. Sarauniya ta karanta, ta tafa hannu.

"Ashe ɗan mace ne! To ku zuriyar sarki 'ya'yan maza, shi ɗan mace, ai taubasai ne. Wa ya taɓa zare wa taubashinsa takobi? Ku kira mini shi."

Aka kira Dodo. Ya zo yana aman wuta, ta ce ya rufe bakinsa ana magana. Kafin azahar an gama sulhu. Dokar taubasai kuwa sananniya ce, a yi ta tsokanar juna, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Mayaƙan da Tasi'u ya shekara biyu yana koya wa sara da suka sai ga su a bakin ganuwa suna ce wa Dodo mai warin hayaƙi, shi kuma yana ce musu bayinsa ne, ya kamata su zo su share masa kogo. Wani barde har ya sace masa takalmi ɗaya. Sarakunan maƙwabta suka ji labari, suka fara zuwa da ƙararrakinsu, ciki har da Gagarau mai saje, wanda ya zauna a tabarma yana ba da labarin yadda ƙaninsa ya ci masa iyakar gona.

Tasi'u ya cire hula ya dafe kai. Wasan yaƙi ne fa, kuma ba yaƙi.

Ranar Laraba matan kwamiti suka shiga. An ba su minti arba'in, suka yi awa huɗu, sai da aka kashe wuta aka fito da su. Dattijuwar nan mai maganar sauro ta ce yau dai ta ga shugaba. Tasi'u ya ji daɗi har ya fara tunanin rigar da zai sa ranar buɗe wasa. Sai Rumasa'u ta gwada sarauniyar a kan Ma'auni, don a san abin da za a tarar gobe.

Sarki Gagarau, maki dubu uku da ɗari biyu. Sarauniya Yalwa, sifili.

Rumasa'u ta buɗe cikin na'urar ta duba, ta yi tsaki. Waɗanda suka ƙera Ma'auni sun koya masa shugabanci ne daga tsofaffin wasanni, saboda haka abu ɗaya ya iya ƙirgawa, wato sau nawa shugaba ya kai sara da takobi. Sulhu ba shi da gurbi a cikinsa. Ta ce hanya ɗaya ta rage, a goge halin Gwaggo a zuba na Gagarau, tunda mata sun riga sun sa hannu.

Tasi'u ya daɗe da yatsa a kan maɓallin gogewa. Gaskiya ya so ya danna, shekara bakwai ba wasa ba ce. Amma ya kasa, kunya ta kama shi, kamar Gwaggon tana tsaye a bayansa. Sai ya sa hula ya shiga, ya cire takalmi, ya yi sallama, ya tambayi gajiya. Ya durƙusa ya miƙa wa sarauniya takobin sarauta, ya roƙe ta don Allah ko sau ɗaya ta ɗaga shi a kan wani, ko da Dodo ne, ba sai ta ji masa ciwo ba.

Ta karɓa, ta gwada kaifin da babban yatsa, fuskarta ta washe. Ta ce dama wuƙaƙen fadar nan duk sun dakushe, ga walimar sulhu gobe, mutum dubu biyu da Dodo guda za su ci tuwo da miyar taushe. Ta sa aka jibge mata kabewa amalanke goma sha biyu, ta ɗaura zani a ƙugu, ta hau aiki.

Ranar Alhamis, a gaban manyan hukuma, Ma'auni ya yi ƙara ya fitar da sakamako. Sarauniya Yalwa, sara dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu a yini guda. Ba a taɓa ganin irin wannan maki ba tunda aka kafa na'urar. Shugaban hukuma ya miƙe tsaye, ya ce wannan ita ce jarumar da 'yan mata suka daɗe suna jira, wadda ta nuna cewa mace ma tana iya zubar da jini. Aka yi tafi. Rumasa'u ta sa gyale a baki kamar tari ya sarƙe ta. Tasi'u ya karɓi takardar izini da hannu biyu.

Bayan mako biyu hoton tallar wasan ya mamaye gefen benen Tauraro, hawa ashirin tsayinsa. Masu talla sun ɗauki sarauniya daidai lokacin da ta ɗaga takobi sama, suka yanke kabewar daga ƙasa, suka zuba wuta da gawarwaki a wurin. Sun rage mata shekara arba'in, sun rage mata zani.

Tasi'u ya ɗauko Gwaggo Yalwa a adaidaita don ta gani. Direba ya tsaya a iska daidai fuskar hoton. Ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo, ta ce kai, wannan yarinya da ganinta ba ta da kirki, Allah ya shirye ta. Ta tambaye shi wace ce.

"Ke ce, Gwaggo. Ke ce shugabar da ta fi kowa maki."

Ta sake kallon hoton, ta kalli gawarwakin da ke ƙarƙashin takobin. Dariyar da ta fara ta tsaya.

"Shekara talatin ina hana mutane haka, ɗan nan," ta ce a hankali. "Sai da kuka ce na yi shi sannan kuka yarda ni shugaba ce?"

Tasi'u ya sunkuyar da kai, takardar izinin tana aljihunsa. Gwaggo ta taɓa kafaɗar direba ta ce ya juya, akwai mara lafiyar da za su gaida a Ƙasan Gada.