Bakin da Aka Cika da Kaki

Ranar Lahadi da la'asar Sufeto Maddern yana zaune a caji ofis na garin Boulder, ya tuɓe kwat yana fifita da hula, sai Saje Culhane ya faɗo yana haki.

"Yallaɓai, an kashe Quill."

"Wane Quill?"

"Mai garmaho, wanda ke cusa wa mutane tiyo a kunne yana karɓar kwabo. Matarsa ce ta fito titi tana ihu."

Sufeto ya ɗauki kulkinsa suka fita.

Shagon Ambrose Quill yana tsakanin mai aski da mai takalma. Ƙofar gaba a kulle take saboda Lahadi, ta baya kuwa a wangale. Tun daga bakin ƙofa takalmansu suka fara taka ɓaraguzai. Gwangwanayen kakin da Quill ke ɗaukar murya a kansu ne aka sauko da su daga kanta aka tattake, ba a bar ko ɗaya a kan katako ba.

Gawar tana bayan kanta. In ba don rigar ba, da ba wanda zai ce Quill ne. Babban ƙahon tagulla na garmaho yana yashe a gefe, ya lanƙwashe, gashi da jini sun manne a bakinsa. Gefen kantar ma jini ne, har da haƙori guda a maƙale cikin katakon.

Likita Fennick yana durƙushe yana dubawa.

"Da ƙahon aka fara," in ji shi. "Da ya lanƙwashe sai aka kama gashinsa aka yi ta buga kan a nan, har ƙashin ya fashe. Amma zo ka ga wannan."

Ya buɗe bakin gawar da yatsu biyu. Cike yake taf da wani abu mai ruwan ƙasa, siriri a nannaɗe kamar askin katako.

"Kaki ne. An tura shi har maƙogwaro."

"Bayan ya mutu?"

"Da sauran numfashinsa. Ya haɗiye wani."

Saje ya juya ya tofar da yawu a waje. Sufeto ya jawo aljihun kanta, ya ga kuɗi na nan ba a taɓa ba. Ita kanta na'urar tana kan teburinta lafiya lau, da tiyon roba biyu na sa wa a kunne. A jikinta akwai gwangwanin kaki guda ɗaya, ko tsaga babu.

"Mutum ya farfasa shago kaf ya bar wannan," in ji Sufeto. "Kada kowa ya taɓa shi."

Hester Quill tana ɗakin baya, zaune a bakin gado, hannuwanta a cinya. Idonta na hagu ya kumbura ya yi baƙi. Ba ta kuka.

"Ina kike da rana, uwargida?"

"Na je gidan yayata bayan coci. Da na dawo na same shi haka."

"Kin ga wani?"

"Ban ga kowa ba."

"Wa yake buɗe wa ƙofar baya ran Lahadi?"

"Ba ya gaya mini harkarsa."

"Me ya sami idonki?"

"Ƙofa."

"Ƙofar nan tana da yatsu ke nan." Ya nuna mata abin da ya tsinto a hankici. "Wannan fa, daga ina yake fitowa?"

Ta kalli kakin, ta kau da kai.

"In sababbin gwangwanaye sun ƙare, sai ya ɗauki tsoho ya kankare muryar da ke kai da aska, ya ɗauki wata. Askin yana zubawa a bokiti ƙarƙashin tebur."

"Yaushe ya yi aski na ƙarshe?"

"Ban sani ba, Yallaɓai."

Sufeto ya koma shago. Ya murɗa hannun na'urar, ya saukar da allura, ya sa tiyo ɗaya a kunne ya miƙa wa Saje ɗayan. Sai ga wata ƙatuwar murya ta bugagge tana rera waƙar batsa a kan matar wani mai gidan burodi, ana ƙyalƙyala dariya a baya.

Saje ya cire tiyon. "Wannan kukan jakin ko a kabari na ji shi zan gane. Fintan Roache ne, mai mashaya."

Sun sami Roache yana goge kofuna. Ƙato ne mai jan wuya, hannunsa na dama naɗe da tsumma.

"A'a, manyan baƙi! In giya kuke so yau Lahadi ce, sai dai ku kama kanku."

"Me ya sami hannunka?"

"Ganga ce ta faɗo mini."

Saje ya cafke hannun ya murɗa shi a kan kanta, ya warware tsumman. Gaɓoɓin yatsun duk sun daye.

"Gangar nan sunanta Quill?" in ji Sufeto.

"Kai, Culhane, sake ni! Za ka karya mini hannun da nake zuba maka ta kyauta da shi!"

"An kashe shi yau da rana, Roache. Kuma muryarka ce kaɗai aka bari a shagon."

Fara'ar ta ɓace daga fuskar Roache. Ya zauna a kan ganga.

"To, na naushe shi jiya. Sau ɗaya, a haɓa. Na biya shi ya ɗauki waƙata, da aka gama ya ce gwangwanin nasa ne, in ina son ji in riƙa zuwa ina biya. Ɓarawon banza. Amma yau tun hantsi ina filin ƙwallo, rabin garin nan sun ji ina zagin alƙalin wasa da uwarsa."

"A sabon gwangwani ya ɗauka?"

"Ina fa! Ya ce sun ƙare, jirgin ruwa bai iso da kaya ba. Sai ya sauko da wani daga sama, ɗaure da zare shuɗi, ya ɗora a kan abin aski. Matarsa ta fito ta riƙe masa hannu tana cewa, 'Ba wannan ba, Ambrose, don Allah ba wannan ba.' Ya juya ya ɗirka mata naushi a ido, ta faɗi kan kujeru. Ya kankare abinsa yana fito."

"Kai kuma ka tsaya ka yi waƙarka."

Roache ya sunkuyar da kai. "Na riga na biya, Yallaɓai."

Da suka koma shago an riga an ɗauke gawar. Sufeto ya sake kunna gwangwanin, ya sa tiyo biyun duka a kunnensa, ya rufe ido. Bai kula da Roache ba, wuraren da yake tsayawa jan numfashi yake jira. A nan ya ji ta. Can ƙarƙashi, siririyar murya ce ta yarinya tana rera waƙar coci, tana fitowa tana nutsewa. Askar ba ta ci da zurfi ba.

Ya sa aka kira Hester, ya miƙa mata tiyon. Ta ja da baya kamar an miƙa mata maciji.

"Wace ce yarinyar?"

Ta juya wa na'urar baya.

"Uwargida, kin ce ƙofa ce, ashe mijinki ne. Kin ce ba ki san ranar aski ba, alhali a gabanki aka yi. In kika ƙara ƙarya ta uku, da ke zan tafi."

Sai a lokacin hawaye suka zubo mata.

"Loveday Trewin. 'Yar Jethro Trewin, mai aiki a ramin zinariya na Lady Averil. Bara ta yi waƙa a bikin yaran coci, Ambrose ya ɗauka don ya jawo iyaye. Da zafi ya shigo taifot ya kashe ta. Uwarta dama ta rasu tun suna hanyar zuwa ƙasar nan. Ba shi da kowa, ko hotonta ba shi da shi."

"Shi ake buɗe wa ƙofar baya."

"Duk Lahadi bayan coci. Ya zauna a kujerar can ya sa tiyo, ya ji, ya share fuska ya tafi. Ya roƙi Ambrose ya sayar masa, har agogon ubansa ya kawo. Ambrose ya ce ba ya yanka saniyar da yake tatsa."

"To me ya sa ya aske ta?"

"Ya ce muryar ta fara cinyewa, kuma waƙar Roache za ta fi kawo 'yan giya. Na ce masa ya gaya wa mutumin tun kafin ya zauna. Ya yi dariya ya ce zai so ya ga fuskarsa."

"Kin gan shi yau?"

"Ina shigowa lungu yana fita. Jini har gwiwar hannu. Ya cire mini hula, Yallaɓai. Ya cire hula ya wuce."

"Me ya sa kika ɓoye?"

Ta taɓa idonta. "Shekara nawa ina addu'a wani ya yi abin da na kasa."

Ba su sami Trewin a bukkarsa ba, maƙwabta suka ce bai dawo ba tun safe. Washegari da sassafe Sufeto da Saje suka tafi ramin Lady Averil daidai lokacin canjin aiki. Ma'aikata sun yi layi suna jiran kejin ƙarfen da zai sauke su cikin ramin, kowa da kyandir da gwangwanin abincinsa. Shugaban aiki ya nuna musu wani gajere mai faɗin kafaɗa, da furfura a gemu, yana riƙe da dogon ƙarfen huda dutse. Hannayensa duk yanka ne.

"Jethro Trewin!" in ji Saje, ya dafa kafaɗarsa.

Trewin bai ko juyo sosai ba ya kaɗo ƙarfen. Kowa ya ji ƙarar ƙashi. Saje ya zube yana ihu, hannunsa ya lanƙwashe inda babu gaɓa. Sufeto ya kai kulki, Trewin ya tare da ƙarfen, ya sa kai ya tunkuye shi a fuska. Hancin Sufeto ya fashe, ya faɗi da baya a kan tsakuwa dab da bakin ramin. Trewin ya ɗaga ƙarfen sama da hannu biyu.

Ba wanda ya motsa a cikin layin.

Sufeto ya ɗaga ƙafa ya harbe shi a gwiwa, ya mirgina, ya maka masa kulki a wuyan hannu. Ƙarfen ya suɓuce ya faɗa ramin, aka daɗe ana jin yana bugun bango yana sauka. Suka kama kokawa a ƙasa. Sai da Sufeto ya danne masa maƙogwaro da kulki, shugaban aiki ya zauna masa a ƙafafu, sannan ankwa ta shiga.

Trewin ya daina motsi. Ya kwanta yana haki, yana kallon sama.

"Ba ku nake nufi ba," in ji shi. "So nake in sauka ƙasa. Da kun bar ni na sauka, da ba sai kun wahala ba, don ba ni da niyyar hawowa."

Sufeto ya zaunar da shi, ya toshe hancinsa da hankici.

"Kai ka kashe Ambrose Quill?"

"Ni ne."

"Faɗa mini yadda aka yi."

"Na biya kwabona na zauna. Ya sa mini tiyo da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. Sai na ji Roache. Na ce ya yi kuskure, ba wannan ba ne. Ya jawo bokiti da ƙafa ya ce, 'Ga 'yarka nan, kwashe ta ka tafi, kyauta na ba ka.' Yana dariya. Daga nan ban san lissafin dukan ba. Da ya faɗi bakinsa na motsi, na ga kamar dariyar yake yi har yanzu, sai na cika masa shi."

"Ka farfasa komai ka bar guda."

"Na ɗaga ƙafa zan taka shi. Amma na ji ta a ƙarƙashi, Yallaɓai. Ka ji ta kai ma?"

"Na ji ta."

Trewin ya gyaɗa kai a hankali.

Mutum huɗu suka ɗauki Saje Culhane a kan ƙofar katako, yana zagi yana suma. Sufeto ya ɗaga Trewin tsaye. Wani tsoho daga cikin layin ya fito ya ɗauki hularsa da ta faɗi, ya kaɗe ta ya ɗora masa a ka, ya koma wurinsa.

Suka kama hanyar gari, Trewin yana ɗingishi. Sun kusa caji ofis ya tsaya.

"Rataye ni za su yi?"

"Wannan sai alƙali."

"Ba shi ke damuna ba." Ya goge baki da kafaɗa. "Jiya a kan kabarinta na kwana, ina ta ƙoƙarin in tuna muryarta. Duk sanda na kusa kama ta, sai Roache ya shigo da waƙarsa."

Sufeto ya kama shi a gwiwar hannu ya taimaka masa ya hau matakala, ya kira kofur ya buɗe ɗakin tsarewa.