Da Sunansa Na Rubuta

"Don Allah ka tsaya! Ka tsaya ka saurare ni!"

Bai tsaya ba. Sai da na sha gabansa a bakin ɗakin kwamfuta na laburaren jami'a sannan ya ja birki, ya kawar da kai gefe.

A jikin ƙofar an manna farar takarda. An dakatar da ƙungiyar masu gyaran kundin ilimi har sai abin da hali ya yi.

Ƙungiyarsa ce. Da mutum huɗu ya kafa ta, yau ta haura saba'in.

"Auta, matsa. Mutane na kallonmu."

"Su kalla! Gobe fa za ka zauna gaban kwamitin ladabtarwa. Korar ka za su yi, kana shekarar ƙarshe! Me ya sa ka ce musu kai ne?"

"Da sunana aka yi."

"Amma ba kai ka yi ba!"

Ya juyo ya dube ni. Idanunsa sun yi ja, da gani ya kwana biyu bai runtsa ba.

"To wa ya yi?"

Na sunkuyar da kai.

"Kwana tara," in ji shi a hankali. "Kwana tara ina jiran ki faɗa min da bakinki. Ni kaɗai ma, ba duniya ba."

"Masoyi..."

"Kada ki kira ni da wannan sunan yau. Ki je gida. Abin da na faɗa musu na faɗa, ba zan janye ba."

Ya raɓa ta gefena ya wuce. Na sulale na zauna a kan matakala ina kuka kamar raina zai fita.

Malam Hujja ake ce masa a jami'a. Shi ya kawo mana aikin kundin ilimi na intanet, wanda kowa ke iya rubuta maƙala a ciki ko ya gyara ta wani, kowa kuma ya karanta kyauta. Duk Asabar da hantsi mukan taru a ɗakin kwamfuta muna rubutu da harshenmu. Kome ka rubuta, sai ya leƙo ta kafaɗarka ya ce, "Ina hujja?" Daga nan sunan ya bi shi.

Maƙalata ta farko, rabinta ya goge.

"Kai wane irin mugu ne?" na ce masa ran nan.

"Mugun da zai zauna da ke mu sake ta tare," ya ce yana dariya.

Muka zauna. Tun daga ranar ban sake tashi daga gefensa ba.

Doka biyu yake maimaita mana har mun haddace. Kada ka kwafi aikin wani ba da izininsa ba. Kada ka sa abin da ba a wallafa ba.

Duka biyun na karya.

Babana farfesa ne a sashen nazarin tsirrai. Shekara ashirin da shida ya yi yana bin daji da ƙauyuka, yana rubuta sunayen tsirrai, yana zana ganyensu da hannunsa. Littafi tara ya cika, suna kulle a kabad ɗin ƙarfe a ofishinsa. Kullum aka ce ya wallafa, sai ya ce bai kammala ba.

Da damina rufin ofishin ya yi yoyo, ruwa ya ci rabin littafi na uku. Na ga Baba tsugune yana shanya shafuka ɗaya bayan ɗaya. Ranar na ɗauki hotunan wasu shafukan da wayata ba da saninsa ba.

Sai kuma na ci karo da wata maƙala a kundin, an haɗa tsiro biyu masu kama da juna an mai da su ɗaya. Ɗaya magani ne, ɗaya guba. Bambancinsu yana nan a littafin Baba, da zane da komai.

Wata Asabar Hujja ya fita nemo mai gyaran majigi, ya bar kwamfutarsa a buɗe. Baba ya san sunan da nake rubutu da shi. Tsoro ya hana ni amfani da nawa. Na zauna a kujerar Hujja, na zuba shafi goma sha ɗaya da sunansa. A ƙasa na rubuta cewa binciken Baba ne, har da lambar littafin.

Na ce a raina wa zai lura?

Ƙaramin Dakta ya lura.

Shi ne mataimakin Baba, mai riƙe masa jaka da makullin kabad. Sau biyu yana cewa yana sona, sau biyu ina ce masa a'a. Shi ya buga shafukan a takarda ya kai wa Baba, Baba kuma ya kai ƙara hukumar jami'a. Kafin yamma Hujja ya cire su da kansa, ya sanar da masu kula da kundin. Amma tarihin gyara ba ya ɓacewa, kuma sunansa ne a kai.

Da na koma gida daga laburare, Baba na falo da takardun a gabansa.

"Baba, don girman Allah ka janye ƙarar nan."

"Zauna."

Na durƙusa.

"Yaron nan na bari ya shigo gidana. Ya zauna a kujerar can, ya sha ruwana. Ashe ƙwaƙwalwata ya zo sata!"

"Ba ɓarawo ba ne, Baba!"

"Shekara ashirin da shida, Auta! Maciji ya sare ni a kan aikin nan. Ranar da aka haife ki ina daji. Sai wani yaro ya watsa shi a titi kamar shara, kowa ya ɗiba?"

"Baba, idan... idan ba shi ba ne fa?"

"Ya amsa da bakinsa. Kuma ki saurara da kyau. Maganarki da shi ta mutu. Kada in sake jin sunansa a gidan nan."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe baki zan faɗa. Sai na ga yadda yake shafa zanen ganyen da ɗan yatsa, na fasa, na tashi na fita.

A kicin Mama ta same ni ina wanke kofi ɗaya tun ɗazu.

"Kofin nan zai huje," in ji ta. Ta rufe ƙofa. "Ke ce, ko?"

Na faɗa jikinta.

"Mama, na shiga uku! Idan na faɗa, Baba ba zai sake kallona ba. Idan na yi shiru, an kashe rayuwar bawan Allah. Mahaifiyarsa ɗinki take yi, shi kaɗai take kallo. Ya zan yi? Mama, ya zan yi?"

"Ni ba zan faɗa miki ba, kuma ba zan faɗa wa babanki ba. Ke kika ɗaura, ke za ki kwance." Ta share min hawaye da gefen mayafinta. "Amma ki sani, fushin uba yana da ranar hucewa. Yaron nan in aka kore shi, shi ke nan."

Washegari ƙarfe goma aka zauna. Ni ba a gayyace ni ba. Ina tsaye a baranda, ina jin muryoyinsu ta ƙofar da ba ta rufu sosai ba.

"Ka amince kai ka sa shafukan?" muryar shugabar kwamitin ce.

"Asusuna ne, ranki ya daɗe. Alhakinsa na kaina."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."



Ban san lokacin da na tura ƙofar ba.

"Ni ce!"

Duk suka juyo. Mutum biyar a bayan dogon tebur, Baba da Ƙaramin Dakta a gefe, Hujja shi kaɗai a tsakiya.

"Auta, fita!" in ji Hujja. "Don Allah fita!"

"Ba zan fita ba! Ranki ya daɗe, ni na ɗauki hotunan, ga su a wayata da kwanan watansu. Ni na zauna a kwamfutarsa. A lokacin yana wajen mai gyaran majigi, ku kira shi ku tambaya. Bai sani ba, wallahi bai sani ba! Shi kullum hana mu yake yi!"

Na juya wajen Baba na zube a ƙasa.

"Baba, ka yafe min. Na ga ruwa ya ci littafinka, na ji tsoro wata rana duk su tafi, ba wanda ya san ka yi su. Na yi kuskure. Kuma na ɓuya a bayan sunan wani saboda ni matsoraciya ce."

Baba ya juyo gare ni. Kallona kawai yake kamar bai taɓa ganina ba.

Ƙaramin Dakta ya miƙe zumbur.

"Ƙarya take, ranki ya daɗe! Rufa masa asiri take yi! Ko ma wa ya yi, ƙungiyar nan ce ta jawo, a rufe ta gaba ɗaya. Kun san ɓarnar da suka yi? Mujalla ta dawo min da maƙalata saboda su, wai abin ya riga ya fito a intanet da sunan wani!"



Baba ya juya a hankali.

"Wace maƙala?"

"Farfesa, ai... dama zan faɗa maka..."

"Na ce wace maƙala? A kan tsirran nan biyu?"

"Zan sa sunanka daga baya, Farfesa."

"Daga baya." Baba ya miƙa hannu. "Ba ni makullin kabad ɗina."

Kwamitin ya wanke Hujja a ranar, da gargaɗin kada ya sake barin asusunsa a buɗe. Aka ɗage dakatarwar ƙungiya. Maganar Ƙaramin Dakta aka tura ta wani kwamitin. Ni kuma aka ba ni takardar gargaɗi mai shiga fayil, aka hana ni aikin ƙungiya zangon karatu guda.

Wannan duk mai sauƙi ne.

Baba ya daina yi min magana. In na gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai. Hujja kuma ba ya ɗaukar wayata. Na aika saƙo ya fi talatin. Na rame har siket ɗina na faɗuwa.

A mako na uku na same shi a ƙarƙashin bishiyar bayan laburare.

"In ka daina sona ka faɗa min, in san na mutu gaba ɗaya."

"Da na daina son ki, da ban zauna a kujerar can ba."

"To me ya sa kake azabtar da ni?"

"Saboda kin zaɓi sunana lokacin da kike neman wanda zai ɗauki duka." Muryarsa ta karye. "Na san ke ce tun ranar farko, Auta. Na san yadda kike rubutu. Na yi ta cewa yanzu za ta zo, yanzu za ta faɗa min."

"Na zo a makare."

"Kin makara."

"Amma na zo..."

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya matsa gefe a kan bencin, ya bar min wuri.

"Zauna, zuciyata. Kin rame."

Na zauna ina kuka, shi ma yana goge ido da bayan hannu.

Saura Baba.

Wata Asabar da safe ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakina. Karo na farko cikin kwana arba'in.

"Ɗauko kwalin can ki biyo ni."

Kwalin da nauyi. Ban tambaya ba. Muka shiga mota, muka nufi laburare. Da muka shiga ɗakin kwamfuta, ɗalibai suka miƙe tsaye, hannun Hujja ya sandare a kan allo.

Baba ya buɗe kwalin. Littattafan ne, duka tara.

"Na ɓoye su shekara da shekaru don kada a sace," in ji shi. "Ashe ɓarawon shi ke riƙe da makulli. Na yi magana da shugaban laburare. Za a ɗauki hotonsu, masana su duba, jami'a ta wallafa su a rumbunta na intanet, kowa ya karanta kyauta. Bayan nan ku rubuta abin da za ku rubuta, ta hanyar da ta dace."

Ɗakin ya kaure da tafi. Baba ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya dubi Hujja.

"Na kira ka ɓarawo a gaban mutane. A gaban mutane nake ba ka haƙuri."

"Haba Farfesa, ya wuce."

"Bai wuce ba sai ka ce wa mahaifiyarka ina son ganin ta da 'yan uwanta." Ya nuna ni da haɓa ba tare da ya kalle ni ba. "Wannan rigimammiyar, in har yanzu kana iyawa da ita."

"Ina iyawa, Farfesa," in ji Hujja da sauri, har ɗalibai suka fashe da dariya.

Na rufe fuska da tafin hannu. Sai na ji hannun Baba a kaina, da nauyinsa da ɗuminsa.

"Ke kuma daina kukan nan," ya ce. "Rubutuna ba wanda ke iya karanta shi sai ke. Jawo kujera, ki fara da littafi na ɗaya."